Tambaya da Amsa: In Sauti Ya Ƙi a Kwamfutar Kwaikwayo

Wasiƙun wannan fitowar daga Bauchi da Gombe kusan duk bakinsu ɗaya: an ɗora wata Windows ko Linux a cikin wata, ko an sa manhajar da aka rubuta don wani tsari ta yi aiki a kan wani, komai ya tafi lafiya, sai sauti ya ƙi. Don kada zance ya cakuɗe, a nan "mai masauki" ita ce kwamfutar gaske da tsarin da ke kanta, "baƙuwa" kuma ita ce kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin taga ta hanyar manhaja irin VirtualBox, VMware ko QEMU. "Direba" kuwa ƙaramar manhaja ce da ke sa tsarin ya iya aiki da wata na'ura, kamar katin sauti.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon gyaran kwamfuta. Na ɗora Windows XP a VirtualBox don wasu tsofaffin fayafayan koyon karatu na yara, sauti na fita lafiya. Sai na kwafi injin, na ɗora masa Windows 7 mai 64-bit. Ita kuma ta yi gum. A Device Manager akwai alamar rawaya a kan "Multimedia Audio Controller". Na sa Guest Additions, na zuba direban Realtek na laftof ɗin, duk a banza. — Mai gyara, Wunti, Bauchi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Direban laftof ɗinka ba zai taɓa shiga ba, domin baƙuwa ba ta ganin katin sautin da ke cikin laftof ɗin ko kaɗan. Abin da take gani kati ne na ƙarya da VirtualBox ya ƙirƙira mata, kuma iri uku yake da su: SoundBlaster 16, da ICH AC97, da Intel HD Audio. Kowace Windows da wanda ta sani tun daga haihuwa. XP mai 32-bit ta zo da direban AC97 a cikinta, shi ya sa ta yi magana ba tare da ka taɓa komai ba. Daga Windows 7 zuwa sama kuwa, HD Audio suka sani. Da ka kwafi injin XP, saitin AC97 ya biyo shi, sai Windows 7 ta farka ta tarar da katin da ba ta da direbansa. Guest Additions kuma ba ruwansa da wannan: aikinsa allo ne, da linzami, da foldar da ake rabawa.

Kashe baƙuwar gaba ɗaya. Kashewa ta gaske, ba "Save the machine state" ba, domin in injin yana ajiye a haka, saitin katin zai ƙi taɓuwa. Shiga Settings, sashen Audio, ka mayar da Audio Controller zuwa Intel HD Audio, ka tabbata an yi wa Enable Audio da Enable Audio Output alama. Tun da kana ciki, leƙa sashen General ka tabbata nau'in injin yana kan Windows 7 mai 64-bit, ba XP ba. In ka kunna, Windows za ta ɗora direban "High Definition Audio Device" da kanta, ko babu intanet. Wanda ya fi son rubuta umarni, a VirtualBox 7.0 da ya fito a 2022 ga shi:

VBoxManage modifyvm "sunan injin" --audio-controller hda

Ita XP ka bar ta a AC97, kada ka ce za ka sabunta mata, domin ba ta zo da cikakken direban HD Audio ba, kuma za ka sayi wahala ne kawai. SoundBlaster 16 kuma na DOS ne da Windows 95 da 98.

Tun da aikinka ne, ga tsarin bincike da zai rage maka ɓata lokaci da kwastoma. Sauti yana bin matakai huɗu kafin ya iso kunne: manhajar da ke cikin baƙuwa, direban baƙuwa, katin ƙarya na VirtualBox, sannan tsarin sautin mai masauki da sifikarsa. Daga ƙarshe ake farawa. Kunna wani karatu ko bidiyo a mai masauki. In bai fita ba, ka bar baƙuwa ta huta, ciwon ba nata ba ne. In ya fita, buɗe Volume mixer na mai masauki alhali baƙuwa tana kunna wani abu, ka nemi layin VirtualBox. Windows tana riƙe ƙarfin sautin kowace manhaja daban, kuma sau da yawa za ka tarar an toshe wannan layin shi kaɗai, ko an tura shi zuwa wata sifika da ba a jona ba. In layin yana motsi amma ba ka jin komai, matsalar tana wajen mai masauki. In ba ya motsi, koma tagar injin, menu na Devices, sashen Audio, ka ga ko Audio Output a kunne yake. Sai bayan duk wannan ake taɓa direba. Yawancin masu gyara daga direba suke farawa, su wuni suna saukewa suna cinye data, alhali toshewar tana wurin da dannawa ɗaya za ta buɗe.

Wani abu kuma: akwatin Host Audio Driver. A kan Windows, 7.0 ya ƙaro Windows Audio Session a kan tsohon Windows DirectSound. In ɗaya ya ƙi, gwada ɗayan. In ka ga Null Audio a wurin, to baƙuwa za ta ga kati, ta nuna kamar tana kunna sauti, amma zubar da shi ake yi.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ina amfani da Ubuntu a VirtualBox a kan Windows 11, HP EliteBook ta hannu, Core i5, RAM 8GB. Sauti yana fita amma yana in'ina, yana tsartsatsi kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. In an ɗauke wuta abin ya fi muni. Wane direba zan sauke? — Ɗaliba, Gwallameji, Bauchi

Amsa: Ƙanwarmu, babu direban da za ki sauke. In sauti ya fita, direba ya yi aikinsa. In'ina matsalar lokaci ce.

Katin sauti yakan ja ɗigon sauti 48,000 a kowane daƙiƙa, ba ya jira. Tsakaninsa da manhaja akwai 'yar ma'ajiya da ake kira bafa. Ki ɗauke ta kamar randa ce da ake ɗiba ba tsayawa, mai garuwa kuma yana zuwa yana cikawa: in ya makara ko sau ɗaya, a tarar da ƙasan randa. Wannan tsartsatsin da kike ji shi ne lokacin da bafa ta ƙare kafin a sake cika ta. Bafa mai ɗigo 256 milisakan 5 da 'yan kai kawai take ɗauka ta ƙare, mai 1024 kusan 21, mai 2048 kusan 43. A kwamfutar kwaikwayo, baƙuwa sai ta jira mai masauki ya ba ta lokacin furosesa, don haka makara tana da sauƙi. Magani iri biyu ne: a hana makarar, ko a ƙara girman bafar.

Fara da duban ƙasan tagar injin, wajen dama. In kin ga ɗan koren kunkuru, kin samo babban mai laifi. Ma'anarsa Hyper-V, tsarin kwamfutar kwaikwayo na Windows kanta, ya riga ya kame VT-x, fasahar furosesa da ke sa baƙuwa gudu, VirtualBox yana bi ta ƙarƙashinsa ne, a hankali. Windows 11 takan kunna wannan ta hanyar Memory integrity ko da ba ki taɓa ɗora Hyper-V da hannunki ba. Shiga Windows Security, Device security, Core isolation, ki kashe Memory integrity. Sannan buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ki rubuta:

bcdedit /set hypervisorlaunchtype off

Ki sake kunna kwamfutar. Kunkurun zai koma alamar V. Amma ki san farashinsa: WSL2 da Docker Desktop za su daina aiki, kuma kin cire wani shinge na tsaro. In kina buƙatarsu daga baya, sake rubuta umarnin da auto a madadin off.

Na biyu, rabon furosesa. Da yawa daga cikin Core i5 na irin waɗannan laftof, kamar i5-6300U, cibiya (core) biyu gare su, ko da Windows tana nuna huɗu. Ki ba baƙuwa biyu, kada ki wuce. Mutane suna zaton in sun tura mata duka huɗun za ta yi gudu, alhali mai masauki shi ne ke miƙa sautin ga sifika, kuma in an bar shi hannu rabbana sautin ne zai fara karyewa. Execution Cap ya zauna a 100. RAM ki ba ta 4096MB. In kika haura, Windows 11 za ta fara juye abubuwa zuwa faifai, in'inar ta ƙaru. Wanda tasa 4GB ce gaba ɗaya, ya haƙura da Ubuntu, ya ɗora Xubuntu ko Lubuntu da 2048MB.

Batun ɗauke wuta kuwa, da zarar caja ta fita Windows tana rage gudun furosesa don batir ya daɗe. Shiga Settings, System, Power & battery, ki mayar da Power mode zuwa Best performance, ki kashe tsimin batir yayin da kike aiki da injin. Batirin zai yi saurin ƙarewa, wannan babu makawa. Zafi ma haka yake yi. A watannin Maris da Afrilu, laftof ɗin da ta sha ƙurar hunturu, aka ɗora ta a kan katifa, furosesarta takan tunkari digiri 100, ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. In sautin yana farawa lafiya sai bayan minti goma sha biyar ya lalace, zafi ne. Ƙaramar manhaja irin Core Temp za ta nuna miki. A buɗe a hure fanka, a canza man da ake shafa wa furosesa, ki riƙa ɗora ta a kan tebur.

In duk kin yi wannan da saura, sai a faɗaɗa bafar. A Terminal na Ubuntu rubuta pactl info ki duba layin Server Name. Sunan tsarin sautin Ubuntu ɗin ke nan, ko PipeWire ko PulseAudio. Daga Ubuntu 22.10 zuwa sama PipeWire za ki gani, sai ki rubuta:

pw-metadata -n settings 0 clock.force-quantum 2048

Nan take zai kama, amma yana gogewa in aka sake kunna injin, don haka in ya yi amfani ki sa shi a Startup Applications. In tsohuwar Ubuntu ce mai PulseAudio zalla, buɗe fayil ɗin /etc/pulse/default.pa, a ƙarshen layin load-module module-udev-detect ki ƙara tsched=0, sannan ki rubuta pulseaudio -k. Sautin zai ɗan yi jinkiri, amma don lacca da bidiyo ba za ki lura ba. A ƙarshe ki daidaita adadin ɗigo a ɓangarorin biyu: a Windows rubuta mmsys.cpl, zaɓi sifikar, Properties, Advanced, ki sa 48000 Hz. In ɗaya yana 44100 ɗaya yana 48000, sai an riƙa juya sautin a hanya, ƙarin aiki ne ga furosesar da dama numfashi take da ƙyar.

Tambaya: Ina koyarwa da majigi. Duk ranar da na kunna VMware a gida bayan na dawo daga aji, sai ya rubuto "A device ID has been used that is out of range for your system", sauti ya ɗauke. — Malamin makaranta, Kumo

Amsa: Malam, majigin ne. Wayar HDMI tana ɗauke da sauti, kuma in ka jona ta Windows takan mayar da majigin sifikar farko. Ka cire, VMware ya tashi yana neman na'urar da ba ta nan, sai ya yanke katin sautin baƙuwar. Haka yake yi a kwamfutar tebur da ba a soka komai a koren ramin sifika ba. Buɗe mmsys.cpl a mai masauki, zaɓi Speakers, danna Set Default. A VMware shiga saitin injin, Sound Card, zaɓi "Use default host sound card", ka yi wa "Connect at power on" alama. In injin yana kunne, ba sai ka kashe ba: menu na VM, Removable Devices, Sound Card, Connect. In ya ci gaba da gardama, kashe injin, buɗe fayil ɗinsa mai ƙarewa da .vmx a Notepad, ka tabbata akwai sound.fileName = "-1" da sound.autodetect = "TRUE".

Tambaya: Ina da ɗan situdiyo, muna ɗaukar ƙasidu da tallace-tallace. Na koma Linux Mint saboda ƙwayoyin cuta sun ishe ni, ina kunna FL Studio ta Wine. Matsala uku: mawaƙi yana jin muryarsa a hedifon a makare; wata tsohuwar manhajar gyaran murya ba ta fitar da sauti sam; in muna kan janareta kuma akwai gunji a ƙasan sauti. Ko in ɗora Windows a VirtualBox ne? — Mai situdiyo, Jekadafari, Gombe

Amsa: Kada ka yi, ɗan'uwa. Don ɗaukar murya, VirtualBox ya fi Wine muni nesa ba kusa ba. Wine ba ya ƙirƙirar kwamfutar ƙarya. Buƙatun manhajar Windows yake mayarwa zuwa na Linux kai tsaye, don haka matakan da sauti ke bi sun fi kaɗan. A VirtualBox kuwa bafa biyu za ka tara, ta baƙuwa da ta mai masauki, kowace da jinkirinta.

Gunjin janareta mu fara cire shi, don ba na Wine ba ne. Zare cajar laftof ɗin alhali sauti yana tafiya. In gunjin ya ɗauke, daga wuta yake: wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in kayan situdiyo suna jone a soket daban-daban, ko janaretan ba shi da waya zuwa ƙasa, wannan kaɗawar tana shiga wayar sauti. Jona laftof, da na'urar sauti, da sifikoki a madogara ɗaya, ka yi amfani da wayoyin XLR ko TRS zuwa sifika, mai aikin lantarki ya kafa wa janaretan sandar ƙasa. Kada wani ya ce ka karya ƙafa ta uku ta fulogi. Gunjin kan ragu, amma makirufo yana iya jan mawaƙi a leɓe.

Manhajar da ta yi shiru, alamu sun nuna mai 32-bit ce, kuma laburaren sauti na 32-bit babu su a Mint ɗinka. Kunna ta daga Terminal ka karanta abin da Wine ke rubutawa. In ka ga layi mai mmdevapi yana cewa "No driver from" kaza "could be initialized", shi ke nan. Rubuta:

sudo dpkg --add-architecture i386
sudo apt update
sudo apt install libpulse0:i386 libasound2-plugins:i386

Sannan buɗe winecfg, shafin Audio, ka ga an rubuta winepulse a matsayin direba, ka danna Test Sound. In ta fara magana amma tana tsartsatsi, kunna ta haka: PULSE_LATENCY_MSEC=60 wine sunanta.exe. In fayilolin MIDI ne suka yi shiru, Wine ba shi da kayan kiɗan da Windows ke zuwa da su, sai ka ɗora FluidSynth da fayil ɗin sautukansa.

Jinkirin hedifon shi ne mai wuya. Abu na farko da za ka sani, direban ASIO, wato direban rage jinkirin sauti, da kamfanin na'urar sautinka ya bayar ba zai yi aiki a Wine ba, domin direba ne da ke buƙatar cikin Windows na gaske. Linux ne ke riƙe da na'urar ta USB. Hanyar da ake bi ita ce WineASIO, wanda ke haɗa FL Studio da JACK, tsarin sautin Linux na aikin situdiyo, ko da PipeWire da ke kwaikwayon JACK. Mint 22 da PipeWire ta zo, Mint 21 kuwa PulseAudio ce. Bayan ka ɗora shi ka yi masa rajista, danna F10 a FL Studio, shafin Audio, ka zaɓi WineASIO. A 44100 Hz, bafa 512 milisakan 11.6 ce, 256 kuma 5.8, sannan ka tuna murya sai ta shiga ta fito, wato jinkirin ya ninka. Riƙa saukar da bafar kana kallon ƙidayar underruns, wato sau nawa bafar ta ƙare, a wannan shafin; inda ta fara hawa, ka koma mataki ɗaya baya.

Amma ga gajeriyar hanya da ta fi duk wannan. Na'urori irin su Focusrite Scarlett da Behringer UMC suna da maɓallin Direct Monitor, wanda ke mayar wa mawaƙi muryarsa daga na'urar kanta ba tare da ta shiga kwamfuta ba. Kunna shi, ka toshe sauraron layin makirufo a cikin FL Studio don kada murya ta zo biyu, ka bar bafa a 1024. Illarsa ɗaya: zai ji muryarsa tsurarta, babu amsa-kuwwa. In kuma situdiyon shi ne abincinka kuma kana da ƙananan manhajojin ƙari (plugins) da aka saya masu neman lasisi, ra'ayinmu ka raba faifan gida biyu, ka ajiye Windows ta gaske don ɗauka kawai, ba ta hawa intanet, ba a soka mata filashin kowa.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi, na sa WhatsApp a BlueStacks don in riƙa amsa kwastomomi a laftof. Ina jin saƙon murya, amma nawa in na tura babu komai a ciki. Da na sa iyafis na Bluetooth kuma sai muryar ta koma kamar daga rijiya. — Hajiya, Azare

Amsa: Ranki ya daɗe, ƙofa uku makirufo yake bi, ko ɗaya aka rufe saƙon zai tafi fanko. Ta farko a Windows: Settings, Privacy, Microphone. Bayan babban maɓallin sama, ki gangara ƙasa akwai wani na daban da ke ba manhajojin tebur izini, "desktop apps" aka rubuta. BlueStacks, manhajar da ke kunna Android a cikin Windows, a wannan rukunin yake, kuma shi ne aka fi mantawa. Ta biyu, a Settings, System, Sound, ki duba wane makirufo aka zaɓa, ki yi magana ki ga ko layin yana motsi. Ta uku a cikin Android ɗin: Settings, Apps, WhatsApp, Permissions, ki ba shi makirufo. Ki rufe BlueStacks ki sake buɗewa bayan kowane canji, kuma ki riƙa jona iyafis kafin ki buɗe shi.

Muryar rijiya halin Bluetooth ne. Yana da hanyar saurare mai kyau, A2DP, wadda ba ta ɗaukar makirufo. Da zarar wata manhaja ta buɗe makirufon iyafis, sai ya sauka zuwa hanyar kiran waya, HFP, mai ɗigo 8,000 ko 16,000 kacal a daƙiƙa. Ki zaɓi makirufon laftof don magana, iyafis don saurare, ko ki sayi mai waya.

Gaskiya ma, Hajiya, ba kya buƙatar BlueStacks don wannan. WhatsApp yana da manhajarsa ta Windows, ana haɗa ta da waya ta Linked devices, tana tura saƙon murya, tana kira.

Tambaya: Na samo wa yarana wasannin DOS da muka yi a da, ina kunna su a DOSBox. Kiɗa yana fita, amma ƙarar harbi da muryoyi babu. Wani wasan kuma na CD, shi akasin haka: ƙara akwai, kiɗa babu. — Wani uba, Tudun Wada, Gombe

Amsa: Alhaji, wannan tambayar ta yi daɗi, domin alamun da ka kawo sun faɗi ciwon da kansu. Katin Sound Blaster kashi biyu ne a ciki. Kiɗa yana fita ta guntun FM, wanda ke amsawa a adireshi 388 kuma ba ya buƙatar komai bayan wannan. Ƙara da muryoyi kuwa sauti ne da aka naɗa, sai an kwaso shi daga RAM ta layin DMA, katin kuma ya riƙa sanar da furosesa ta layin IRQ cewa ya gama wannan guntun, a turo na gaba. In lambar IRQ da wasan ya sani ta saɓa da ta katin, kiɗa zai tafi, ƙara ta mutu, ko ta fito sau ɗaya wasan ya daskare.

DOSBox 0.74 yana zuwa da Sound Blaster 16 a adireshi 220, IRQ 7, DMA 1, babban DMA 5. Wasanni da yawa kuma IRQ 5 suke zata, domin haka katin SB16 na gaske yake fitowa daga kamfani. A foldar wasan nemi SETUP.EXE, ko INSTALL.EXE, ko SETSOUND.EXE, ka kunna shi a cikin DOSBox, ka shigar da waɗancan lambobi. In wasan bai ba da zaɓi ba, juya abin: buɗe fayil ɗin saitin DOSBox, a sashen sblaster ka mayar da irq=7 zuwa irq=5. Wasan da ya girmi SB16, wato kafin 1992, in ya ƙi, gwada sbtype=sbpro2 ko sbtype=sb2. Rubuta SET a cikin DOSBox ka ga layin BLASTER, shi ne abin da wasannin ke karantawa.

Na CD kuma, kiɗansa yana kan faifan ne a matsayin waƙoƙin CD na yau da kullum, daban da fayilolin wasan. Fayil ɗin ISO ɓangaren bayanai kawai yake kwafewa, ya bar kiɗan a baya. Sai an kwafi faifan a matsayin BIN da CUE, a ɗora shi haka:

imgmount d wasa.cue -t iso

In sauti yana yankewa, yawanci an cika wa DOSBox gudu ne fiye da abin da kwamfutar za ta iya. Danna Ctrl da F11 ka rage, Ctrl da F12 ka ƙara. In bai isa ba, a sashen mixer ka ɗaga blocksize daga 1024 zuwa 2048, prebuffer zuwa 50.

Tambaya: Ina koyon QEMU a Ubuntu 24.04. Umarnin da na samu yana da -soundhw hda, QEMU ya ce bai san shi ba. Na cire, na sa -device intel-hda, baƙuwa ta ga kati amma shiru. Da sudo nake kunnawa saboda KVM. — Ɗalibi, Kashere

Amsa: Umarnin tsoho ne. An cire -soundhw a QEMU 7.1, Ubuntu 24.04 kuma 8.2 take ɗauke da shi. Yanzu abu uku ake rubutawa, kowanne da aikinsa: hanyar fita a mai masauki, da katin, da guntun da ke manne da katin wanda shi ne ke da ramin sifika da na makirufo. Kai katin kaɗai ka sa.

-audiodev pa,id=s0 -device ich9-intel-hda -device hda-duplex,audiodev=s0

Sunan da ke gaban id dole ya zo daidai da na gaban audiodev a ƙarshe. In ba ka son makirufo, sa hda-output a madadin hda-duplex. Kalmar pa tana nufin PulseAudio, kuma tana aiki a kan PipeWire domin yana amsawa da yarenta, daga 8.1 ana iya rubuta pipewire kai tsaye. In QEMU ya ce bai san pa ba, ɗora qemu-system-gui, a cikinsa Ubuntu take ajiye hanyoyin sauti.

Ko ka gyara wannan, sudo zai sake toshe ka. Sabar sauti ta mai amfani ce, ƙofarta tana /run/user/1000/pulse/native ga mai amfani na farko, kuma root, asusun da sudo ke aiki da shi, ba a nan yake nema ba. Ba ka buƙatar sudo don KVM, fasahar Linux da ke sa baƙuwa gudu. Rubuta sudo usermod -aG kvm $USER, ka fita daga asusunka ka sake shiga, ka kunna QEMU da sunanka.

A cikin baƙuwar, in Linux ce, aplay -l zai nuna ko an ga katin, speaker-test -c 2 -t wav zai gwada hagu da dama, a alsamixer kuma duk layin da ke da MM a ƙasansa a toshe yake, danna M ka buɗe. In tsartsatsi ya biyo baya, ƙara out.buffer-length=50000 a layin audiodev; da maikrosakan ake lissafinsa, wato milisakan 50 ke nan.

Ranar da ka koma virt-manager, manhajar da ke sarrafa QEMU ta taga, za ka sake cin karo da wannan ta wata fuska, domin a can QEMU yana gudana ne da sunan libvirt-qemu, wanda shi ma ba shi da izinin sabar sautinka. Kada ka shiga gyaran izini. Bar Display a Spice, katin sauti a HDA ICH9, sautin zai biyo ta tagar kallo ya fita da sunanka. In ka mayar da Display zuwa VNC, ko ka rufe tagar, sautin zai ɗauke ko da injin yana ci gaba da aiki.